Yadda ake zaɓen iri a garken alfaka don gashi ya yi laushi

Alfaka 'yar dangin raƙumi ce, sai dai ba ta da tozo, kuma tsayinta a kafaɗa bai cika mita ɗaya ba. Gidanta tsaunukan Andes na Kudancin Amurka, inda ake kiwonta a tudun da ya kai mita 3,500 zuwa kusan 5,000 sama da teku, wurin da rana ke ƙuna da tsaka, dare kuma ruwa ya daskare. Mafi yawan alfakar duniya a ƙasar Peru suke, musamman a yankunan Puno da Cusco da Arequipa. Ba a tatsarta, ba a ɗora mata kaya, ɗaukar kaya aikin 'yar'uwarta lama ne. Arzikinta gashinta, kuma kuɗin gashin yana ga laushinsa.

A wani tsohon kufai da ake kira El Yaral, a busasshen yankin Moquegua na kudancin Peru, an tono gawarwakin alfaka da aka binne kusan shekara dubu da suka wuce. Bushewar wurin ta sa gashinsu bai lalace ba. Da mai bincike Jane Wheeler da abokan aikinta suka auna shi, sai suka ga kaurin silin wasu bai kai maikiron 18 ba (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ga shi kusan bai ɗaya daga wuya har cinya. Yawancin garkunan yau sun fi haka kauri nesa ba kusa ba. Abin da ya faru a tsakani sananne ne. Turawan Sifaniya sun shigo a 1532, tumakinsu da shanunsu suka mamaye makiyaya mai kyau, garkunan alfaka suka ƙare ƙwarai, ragowar suka cakuɗe da lama. Daga baya 'yan kasuwa suka ƙara ɓata lamarin, don sun daɗe suna sayen gashi a kan nauyi kawai. Gashi mai kauri ya fi nauyi a sikeli, saboda haka makiyayi ya riƙa ajiye dabbar da ta fi kaushi, yana ganin ita ce mai riba.

Ke nan laushin nan mutane ne suka gina shi da zaɓe, kuma rashin zaɓe ne ya rushe shi. Ga yadda ake sake gina shi.

Fara da sanin abin da kake nema

Alfaka kala biyu ce. Wakaya ita ce mafi yawa, wajen tara cikin goma. Gashinta a tsaye yake, cukus kamar auduga, kowane sili da ƙananan lanƙwasa. Suri kuwa gashinta zubowa yake gefe da gefe, a murɗe kamar kalaba, yana sheƙi. Kada ka haɗa su barbara. Zaɓi wadda za ka riƙe, in kuma kana da duka biyun, raba garken.

Ana auna kaurin sili da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Silin gashin kan mutum yakan haura maikiron 50. Bikunya, dabbar dajin da alfaka ta samo asali daga gare ta, nata wajen 12 zuwa 13 ne. A ma'aunin rarraba gashi da aka fitar a Peru a 2004, wanda bai wuce 23 ba shi aka kira bebi, kuma sunan ba ya nufin na jariri ne, laushin ake nufi. Daga nan zuwa 26.5 aji na gaba ne, haka darajar ke sauka har a kai ga wanda ya haura 31.5, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Silin da ya wuce maikiron 30 ba ya lanƙwashewa in ya taɓa fata, sukarta yake yi, shi ne ƙaiƙayin da ake ji a wasu rigunan sanyi.

Rubuta burinka da lamba. Misali, garke fari, matsakaicin kauri ƙasa da 22 a aski na uku, kowace dabba tana ba da aƙalla kilo biyu. Kada ka jera abubuwa goma. Duk abin da ka ƙara a jerin yana rage saurin ci gaban sauran. Uku sun isa: laushi, daidaito, da nauyin gashi.

Kowace dabba da lambarta

Wannan mataki ba shi da wuya, amma a nan mafi yawa suke faɗuwa. Sa wa kowace dabba alamar kunne mai lamba. Buɗe littafi, kowace da shafinta: ranar haihuwa, uwa, uba, launi, nauyin haihuwa, nauyin yaye, da sakamakon kowane aski. Makiyayi yakan ce ai ya san dabbobinsa a ka. Ya san fuskokinsu, gaskiya ne, amma bayan shekara huɗu ba zai tuna kilo nawa wance ta bayar a askin farko ba.

Yanke samfur

A Peru an fi yin aski a watannin Oktoba da Nuwamba, kafin ruwa ya sauka sosai, sau ɗaya a shekara. Kafin almakashi ya hau dabba, ɗauki samfur. Wurin da aka yarda da shi tsakiyar haƙarƙari ne, a kan ƙashi na uku daga baya, rabin tazara tsakanin gadon baya da ciki. An zaɓi nan ne don gashinsa ya fi wakiltar jikin gaba ɗaya. Na kafaɗa yakan fi laushi, na cinya ya fi kaushi, kuma mai son ya ruɗi kansa shi ke yankowa daga kafaɗa.

Wani ya riƙe dabbar, hannu ɗaya a wuya, ɗaya a kan kafaɗa. Kai kuma ka sa yatsun hannu biyu ka buɗe gashin kamar mai buɗe littafi. Sama-sama za ka ga ƙura da guntayen ciyawa, amma can ciki fari ne tas, da ɗumi. Dubi layin fatar da ya bayyana. In siriri ne kamar zare, gashin cike yake. In ya yi faɗi har kana ganin jan fata sosai, gashin tsilla-tsilla ne, ko da daga nesa dabbar ta yi kama da dami. Dubi lanƙwasar sili, ko tana tafiya daidai daga tushe har baki. Sannan nemi dogayen silin nan miƙaƙƙu masu tauri da suke ɗara sauran tsawo. Su ne abokan gaba. Cikinsu rami ne, ba sa shan rini yadda ya kamata, kuma su ke suka.

Yanke wuri kamar faɗin yatsu uku, dab da fata. Sa a ambulan ta takarda, rubuta lambar dabbar da kwanan wata nan take, kafin ka saki wannan ka kama wata. Bayan aski, ware gashin baya da haƙarƙari daga na wuya da ciki da ƙafafu, ka auna kowanne a sikeli. Auna tsawon sili da rula. Masana'anta na so ya kai wajen santimita 7.

Aika samfuran ɗakin gwaji. Na'urar da aka fi amfani da ita, OFDA, tana auna dubban silika cikin ɗan lokaci, har akwai wadda ake ɗauka zuwa wurin aski. Hannu yana jin laushi, amma maiƙo da ƙura da sanyin safiya duk suna ruɗarsa, kuma babu hannun da zai raba 21 da 23 kullum ba kuskure.

Karanta takardar sakamako

Lamba ta farko matsakaicin kauri ce, kuma ita kowa ke fara dubawa. Ni a ganina ta biyun ta kusa fin ta muhimmanci, wato wadda ake rubutawa SD, mai nuna yadda silikan suka bambanta da juna. Ɗauki dabbobi biyu, kowace matsakaicinta 21. Ta farko kusan duk silikanta tsakanin 18 da 24 suke. Ta biyu tana da masu 14, tana da masu 35, lissafi ne kawai ya kawo ta 21. A hannu ta farko santsi za ka ji, ta biyu kuwa ƙaiƙayi. Ƙaramar SD ita ce abin so. Akwai kuma CV, wadda SD ce aka mayar kashi cikin ɗari na matsakaicin, ana son ta sauka zuwa wajen 20 ko ƙasa. Lamba ta ƙarshe ita ce yawan silikan da ba su wuce maikiron 30 ba. Gwargwadon kusantarta da ɗari, gwargwadon daɗin tufar a jiki.

Tarko biyu ne a nan, kuma sun kama mutane da yawa.

Na farko shekaru. Kowace alfaka askinta na farko shi ne mafi laushi, daga nan gashin yana ƙara kauri shekara bayan shekara. Wata takan tashi daga 18 zuwa 27 cikin shekara huɗu. Wata kuma ta fara da 20, ta kai shekara shida tana 22. Ta biyun ita ce dukiya, don alfaka na iya rayuwa shekara 15 zuwa 20, kuma yawancin askin da za ka sayar na girmanta ne. Saboda haka kada ka yanke hukunci da askin farko, kuma kada ka gwada 'yar shekara ɗaya da 'yar shekara biyar. Sa'a da sa'a ake gwadawa.

Na biyu yunwa. Dabbar da ba ta ƙoshi gashinta sirancewa yake. Makiyayan Peru suna da suna ga wannan, laushin yunwa. Takarda za ta nuna lamba mai kyau, amma silin ba ƙarfi, nauyin kaɗan, kuma ba a gadonsa. Da zarar ta samu ciyawa sai kaurin gaskiya ya fito. Don haka duk lokacin da ka ɗauki samfur, ɗora hannu a gadon bayanta. In ƙashin ya fito kamar kaifin wuƙa, rubuta cewa a rame take. Haka nan ƙiba tana ƙara kauri. Dabbobin da suka ci ciyawa ɗaya, a shekara ɗaya, su kaɗai za ka iya jerawa ka ce wannan ta fi wannan.

Akwai kuma abin da ke tsakanin laushi da nauyi. In ka bi laushi shi kaɗai, nauyin gashi zai riƙa raguwa. In ka bi nauyi shi kaɗai, ka koma kuskuren da aka yi a baya. Mafita ita ce cikar gashi, wato yawan sili a kowane ɗan wuri na fata, tare da tsawo. Dabbar da ta haɗa siririn sili da kilo mai kyau ba ta da yawa, in ka same ta ka riƙe ta da hannu biyu.

Duba jikin, ba gashi kaɗai ba

Buɗe baki. Haƙoran ƙasa su sauka daidai kan dasashin sama, don alfaka tsinkar gajeriyar ciyawa take, wadda haƙoranta suka zarce ko suka gaza ba za ta ƙoshi ba. Duba ƙafafu ko a miƙe suke, yatsu biyu-biyu ba ƙari. Kunnuwa su zama gajeru masu tsini kamar mashi. In sun yi tsawo sun lanƙwashe kamar ayaba, akwai jinin lama, kuma irin wannan ruwa-biyun, da ake kira warizo, gashinsa kaushi. A namiji, taɓa 'ya'yan maraina, su kasance biyu, girmansu ɗaya. Duk dabbar da ta haifi ɗa mai karkataccen baki ko toshewar hanci daga ciki, rubuta uwar da uban, kada ka sake haɗa su.

Maganar launi a taƙaice. Masana'anta sun fi son fari don yana karɓar kowane rini, shi ya sa garkunan Peru suka yi ta fari, baƙi da ja suka ragu. Ko wanne ka zaɓa, ya zama launi ɗaya a jiki, ba dabbare-dabbare ba. Farar alfaka mai shuɗin ido sau da yawa kurma ce, a bar ta a gefe. Masu launin toka biyu kuma ba a so a haɗa su, don wani ɓangare na cikin yakan lalace.

Bayan wannan, raba matan gida uku: zaɓaɓɓu, matsakaita, da na fitarwa. Kada ka tsananta wajen fitar da mata, don alfaka ɗa ɗaya take haifa a shekara, garke ba ya cikowa da sauri. Tsananin ka kai shi wajen maza.

Namiji shi ne rabin garke

Ta mace za ta ba ka ɗa ɗaya a shekara. Namiji ɗaya, in ana tsara barbara, zai iya ba ka talatin ko fiye. Kuskure a kansa kuskure ne sau talatin. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma a kaurin gashi maganar tana da lissafi. Binciken da aka yi a garkunan Peru, har da tashar Pacomarca da ke Puno, ya nuna cewa wajen kashi ɗaya cikin uku ko sama da haka na bambancin kauri gado ne. Ma'anarsa a aikace: a ce matsakaicin garkenka 26 ne, ka zaɓi iyaye da matsakaicinsu 23. Kada ka sa ran 'ya'yan su fito 23. Za su faɗo wajen 25. Maikiron ɗaya a zuriya ɗaya kamar ba komai ba ne, amma ba ya komawa, na gaba a kansa zai hau.

In za ka sayi namiji, nemi takardun askinsa na shekara uku, ba na farko kaɗai ba. Nemi ganin uwarsa, ka sa hannu a jikinta. In yana da 'ya'ya a ƙasa, su za ka fi daɗewa a kansu. Namijin da ya ci gasar nuni abin sha'awa ne, amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Bai kamata a fara amfani da shi ba sai ya kai wajen shekara uku.

Sauran mazan da ba a zaɓa ba, a raba su da mata tun daga yaye, wajen wata shida zuwa takwas, sannan a fiɗiye su in sun tasa. Fiɗiyayye yana ci gaba da ba da gashi, wanda kuma bai da amfanin aski ya tafi nama, irin busasshen naman da mutanen Andes ke kira charki. Marigayi Julio Barreda, mai garken Accoyo kusa da Macusani a yankin Puno, wanda sunansa ya zagaya duniyar masu kiwon alfaka, ba wani sirri ya yi amfani da shi ba. Shinge ya yi, ya raba garkensa, ya hana kowane namiji hawa sai wanda ya zaɓa, ya kuma dage a kan haka fiye da shekara hamsin.

Tsara barbara

A nan duk wanda ya san raƙumi zai ga dangantaka. Alfaka ba ta da ranakun neman namiji irin na akuya ko tunkiya. Barbarar ce da kanta ke sa ƙwai ya fito, wajen kwana ɗaya bayan haka. Kuma a gurfane ake yi, kamar amale da taguwa.

A Andes ana yi ne cikin damina, daga Janairu zuwa Maris. Cikin wata goma sha ɗaya ne da 'yan kwanaki, wajen kwana 340 zuwa 345, don haka haihuwa za ta faɗo wata daminar, lokacin da ciyawa ta yi kore. Budurwa ba a ba ta namiji sai ta kai kusan kashi biyu cikin uku na nauyin manya. Wadda ta haihu kuma a jira kwana 15 zuwa 20.

Tun kafin ranar, zauna da littafinka ka rubuta wa za a haɗa da wa. Namiji mafi kyau ga zaɓaɓɓun mata, daga nan ne mazan gobe za su fito. Ga matsakaita, duba abin da kowace ta rasa. Mai laushi amma ba cika, a ba ta namiji mai cika. Kada uba ya hau 'yarsa, ko ɗa uwarsa, ko 'yan uba ɗaya.

Shigar da su biyu cikin ƙaramin shinge. Namijin zai bi ta yana wani gurnani a maƙogwaro wanda ba ya yankewa. In a shirye take, za ta durƙusa ta gurfana. Abin yakan ɗauki minti ashirin ko kusa da haka. Rubuta ranar da lambobin biyu. Bayan kwana bakwai a sake kawo mata shi. In ta gurfana, ƙwai bai fito ba, a maimaita. In ta kwantar da kunnuwa baya, ta ɗaga kai, ta tofa masa koren miyau mai wari ta gudu, ƙwai ya fito. A kwana na goma sha huɗu a sake gwadawa. In ta sake tofawa, da alama ciki ya shiga. Masu raƙuma a Agadas da Damagaram sun san makamancin wannan, inda taguwa mai ciki ke ɗaga wutsiya in amale ya matso. Amma cikin alfaka yakan zube a watanni biyun farko ba a sani ba, don haka a ci gaba da gwadawa lokaci-lokaci, in da hali likitan dabbobi ya duba da na'urar hoton ciki.

Ɗan da aka haifa

Galibi da hantsi suke haihuwa, don ɗan ya bushe kafin sanyin dare, tunda uwar ba ta lasarsa. Nauyinsa kilo 6 zuwa 9. Tabbatar ya sha nonon farko cikin awoyin farko, shafa maganin kashe ƙwayoyin cuta a cibiya, sa masa lamba a ranar. Cutar hanji mai saurin kisa tana ɗebe jarirai da yawa a lokacin ruwa, musamman a garken da ya jiƙe da laka, don haka a riƙa sauya makwanci. A kula da ƙazuwa, wadda ke cinye fata da gashi. Uwa mai tsohon ciki kuma ta ƙoshi, don tun a ciki da watannin farko ne ramukan da gashi ke tsirowa suke kafuwa a fatar ɗan. Wanda ya sha yunwa a lokacin ba zai kai cikar da ya gada ba.

Auna namijin da 'ya'yansa

Askin farko na 'ya'yan shi ne jarabawar ubansu. Tara sakamakon duk 'ya'yan namiji na farko wuri ɗaya, na namiji na biyu wuri ɗaya, ka fitar da matsakaicin kowanne. Kada ka ɗauki ɗa ɗaya da ya yi fice ka yi ta nuna wa baƙi, dubi duka, har da marasa kyau. 'Ya'ya uku ko huɗu ba su isa hukunci ba, goma zuwa sama sun fara faɗin gaskiya. Ka kuma tuna irin matan da aka ba kowanne, don wanda aka ba zaɓaɓɓu dole 'ya'yansa su yi kyau. Hanyar da ta fi adalci ita ce a gwada kowace 'ya da lambar uwarta a lokacin da uwar take da shekaru irin nata, kuma littafin nan ne kaɗai zai ba ka wannan.

Manyan garkuna a Peru da Ostareliya da Amurka suna zuba irin waɗannan bayanai a kwamfuta, ta fitar wa kowace dabba ƙiyasin abin da za ta gadar. Ƙaramin makiyayi da biro da littafi yana bin hanya ɗaya ce, sai dai a hankali. Wanda ba shi da ƙarfin sayen namiji mai kyau shi kaɗai, ya haɗa kuɗi da maƙwabta su saya, su riƙa karɓa-karɓa.

Namijin da 'ya'yansa suka fi iyayensu mata, riƙe shi. Wanda 'ya'yansa suka tsaya inda iyayen suke, ko suka fito da dogayen silin nan masu tauri, cire shi daga barbara ko da kuɗi mai yawa ka saye shi. Shi ma nagarin ba zai dawwama a kan mata ɗaya ba. Shekara biyu zuwa uku bayan barbararsa ta farko, 'ya'yansa mata za su isa ɗaukar ciki. Kafin wannan daminar ta zo, ka riga ka nemo wani namiji daga garken da ba ku haɗa jini ba, ka ga takardun askinsa uku, ka kuma sa hannu a haƙarƙarin uwarsa.